Turanci a Ɗakin Takaba

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma wallahi Bauchi ta dafu. Tun hantsi duwatsun da suka kewaye garin nan suke fara huro wuta, kafin azahar ko kaza ta buɗe baki ta saki fukafukai. Wutar lantarki kuwa sai dai mu ji labarinta. Shekaranjiya na shimfiɗa tabarma a barandar gidana da ke Yelwa, na jiƙa mayafi na rufe fuska, sai na jiyo 'yan matan jami'ar nan da ke haya a ɗakunan baya suna bitar jarrabawa. Ɗaya na faɗin kalmar Turanci, ɗaya na liƙa mata 'yar ƙaramar kalmar da ke binta, in ta yi kuskure su kwashe da dariya. Su wasa suke yi. Ni kuwa na tashi zaune ina salati, don irin zafin nan da kalmomin nan sun taɓa haɗuwa a kaina shekara talatin da wani abu da suka wuce, kuma ban ji da daɗi ba.

A lokacin muna Gwallaga, a wani gidan haya mai ɗaki biyu da rufin kwano. Maigidana direban motar haya ne tsakanin Bauchi da Jos. Ya fita wata safiya cikin sanyi lafiya ƙalau, da yamma aka kawo mana gawarsa. Ya bar ni da yara biyu: Abba, wanda bai daɗe da shiga firamare ba, da Binta tana nono. Na shiga takaba, dangin miji suka aiko Goggo Dije daga ƙauye ta zauna da ni. Ƙanwar mahaifin marigayi ce, tsohuwa 'yar firit mai baki kamar reza, kuma ita takaba a wajenta ba wasa ba ce. Ba fita, ba kwalli, ba ɗaga murya, ba magana da namijin da ba muharrami ba. Ko banɗaki zan zaga sai ta miƙo mini 'yar wuƙa na riƙe.

Bayan sadakar arba'in, Yaya Garba, wan maigidana, ya tsaya a zaure yana yi wa Goggo magana da ƙarfi don in ji daga ciki.

"Goggo, ki faɗa mata ba mugunta ba ce. Jaririyar tana nono, ba mai taɓa ta. Amma yaron nan jininmu ne, ba zan bar shi a birni yana bin kwanon mutane da ido ba. Ranar da aka yi ruwan farko zan zo in tafi da shi. Sai fa in kafin nan ta nuna mini abin da za ta ciyar da shi."

Me zan nuna masa? Ɗinki ban iya ba, jari babu, iyayena sun daɗe da rasuwa. Tun daga ranar na koma kallon sama. Duk garin na roƙon Allah ya kawo ruwa, ni kaɗai a Gwallaga nake jin tsoron hadari.

Ana gobe za a ɗauki azumi, maƙwabciyata Rifkatu ta shigo. Maman Dauda muke ce mata, mutuniyar Bogoro ce, nas ce a wani ƙaramin asibiti. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Hajara, ka buɗe kunne ka ji ni." Ita Hausarta ba ta san mace ba, kowa namiji ne, har ni har Goggo. Zan gyara mata sauran maganar a nan, kada ta ji ta ce na tona mata asiri.

Ta ce asibitinsu zai ɗauki mata masu taimaka wa nas-nas, masu juya marasa lafiya da canza zanin gado da kai ruwa. Amma likitocin baƙi ne daga wata ƙasa, ba sa jin Hausa, don haka sai an gwada Turancin mutum. Za a ba ki umarni ki aikata, a yi miki tambaya ki amsa. A ƙarshen azumi za a yi gwajin.

Na ce ai na yi firamare, na san sunayen abubuwa, na san gado da kofi da ƙofa. Ta ɗauko rediyon marigayi ta ajiye a gabana ta ce, "Turn on the radio." Na san kalmar farko, juyawa ce. Sai na kama rediyon na juya shi ya kalli bango, ina jiran yabo.

Ta riƙe kai ta ce, "Wayyo ni! Hajara, a Turanci kalmar aiki ba ta tafiya ita kaɗai, da 'yar rakiya take tafe, kuma 'yar rakiyar ce ke faɗin inda aka nufa. Turn on, kin kunna. Turn off, kin kashe. Turn over, kin juya mutum a gado. In kika riƙe uwar kika saki 'yar, wata rana sai kin kashe wa mara lafiya abin da aka ce ki kunna."

Ban gama haɗiye wannan ba ta ce wani lokaci ma 'yar rakiyar takan tsallake sunan abin ta koma can baya, kuma ma'anar ba ta canza ba. Na ce, "Wannan wane irin harshe ne, ba tsari ba kan gado?" Ta ce, "Harshen da zai bar miki Abba ne." Na gyara zama.

Azumin shekarar ban taɓa ganin irinsa ba. Rijiyar gidanmu ta ƙafe, in an jefa guga sai ya fito da laka. Famfon unguwa sai ya ga dama yake ɗiga. Ni ba halin fita, sai Goggo da Abba su kai bokiti layi tun da asuba, su dawo rana ta take da abin da bai kai rabi ba. Da shi za a yi alwala, a yi girki, a wanke tsumman Binta, ruwan wankin kuma a yayyafa a ɗaki ko ƙasa ta yi sanyi. Hatsin da aka kawo na gaisuwar mutuwa ya kusa ƙarewa. Sahur ɗumamen tuwo ne in an samu, in ba a samu ba sai koko tsararo. Goggo ta ce mai shayarwa an yi mata rangwame, in sha azumin in rama daga baya. Na ce, "Goggo, in na sha, me zan ci?"

Da safe ina shara, in daka 'yar dawar da za a yi tuwo, in yi wa Binta wanka da ruwan da bai fi cikin kofi biyu ba. Kafin azahar kwanon rufi ya fara ƙara ƙas-ƙas saboda zafi, ƙurajen zafi sun feso wa yarinyar har fatar kai, ta kama nono ta ja ta ja ta saki da kuka. Abba ya dawo daga makaranta leɓɓansa sun yi fari, ya kwanta a gindin randa ya manna kunci a jikinta. In na dube shi sai in ɗauke kai, don kada Goggo ta ga idona.

Tsakanin azahar da la'asar Maman Dauda take shigowa, ta taso daga aikin safe, ko farar rigar ba ta cire ba. Su ma Kiristoci a lokacin suna cikin nasu azumin, don haka mu biyu muke zaune da busasshen baki. Ba ta taɓa kawo littafi ba. Ta ce a asibiti ba mai ba ni takarda in duba, jikina ne zai riƙe. Sai ta tsaya a tsakar gida tana ba da umarni kamar soja, ni kuma ina aikatawa. Ɗauki bokiti, ajiye bokiti, cire murfi, mayar da murfi, zubar da ruwa, ba ruwan ma, da bokitin wofi muke yi. Pick up, put down, take off, put back. In na haɗa wata uwa da 'yar da ba tata ba, sai ta tafa hannu ta ce, "Sake!" Wallahi har cikin sallah kalmomin nan suke bi na, sai na yi ta neman tsari.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne look. In ka liƙa masa at, kallo ne. In ka liƙa masa for, nema ne. In ka liƙa masa after, ya zama kula da mutum. Na ce mata, "Yanzu fisabilillahi me ya haɗa ido da reno?" Ta ce in je in tambayi Turawan, ita ma haka ta tarar.

Goggo da fari tsaki take yi daga inuwar ɗaki. "Mijinki ko tsufa bai yi a kabari ba, kina nan kina lanƙwasa harshe da yaren Nasara." Amma kunnenta yana wajen. Ranar da aka zo kan juya mara lafiya, muka rasa wanda za mu gwada da shi, don Abba da an taɓa shi sai dariya. Sai muka ji Goggo ta ce, "Ku matsa, 'yan banza, ba ku san yadda ciwo yake ba." Ta zo ta miƙe a tabarma, ta rufe ido ta fara nishi kamar gaske. Maman Dauda ta ce, "Help her sit up," na tallafo ta. Ta ce, "Turn her over," na juya ta. Goggo ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Haka za ki juya mutane? Ai buhun dawa ma ya fi wannan daraja!" Ranar ce na yi dariyar farko tun rasuwar maigidana, na toshe baki da mayafi, ita ma ta yi kamar ba ta ji ba.

Bayan la'asar sai a hura wuta. In dama kunun tsamiya, Maman Dauda ta aiko da 'yan ƙosai ko mangwaro, wani lokaci masa daga wajen mai tuya ta bakin hanya. Da an kira magariba mu sha ruwa, sai kowa ya yi laƙwas. Amma ni kafin in kai kofi baki sai na leƙa gabas. A goman tsakiya iska ta fara sauyawa, ta yi nauyi, ta yi ɗumi kamar tururin tukunya. Wata yamma gajimare ya taso baƙi ƙirin ta bayan duwatsu, yara suka fito kan titi suna ihu suna murna. Ni kuwa na riƙe hannun Abba har ya ce, "Umma, kina ji mini ciwo." Iska ta zo ta watsa hadarin. Mutane suka yi ta jimami, ni na shiga ɗaki na yi hamdala a ɓoye, kuma na ji kunyar Allah.

Da aka sa ranar gwaji a goman ƙarshe, sai wata matsala ta taso. Takabata ba ta ƙare ba, sai bayan Sallah da 'yan kwanaki. Goggo ta ce ƙafata ba za ta taka waje ba. Maman Dauda ta je ta samo matar limamin unguwa, ta zo ta ce Malam ya ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, kuma neman abin ciyar da marayu lalura ne. Goggo ta daɗe tana juya carbi, sannan ta ce, "Wa zai yi gwajin? Namiji ko mace?"

Maman Dauda ta ce, "Mace ce, Goggo. Shugabar nas-nas ce take yi kullum."

Goggo ta dube ni ta ce, "To, na yarda. Amma ki rantse mini ba za ki buɗe baki ki yi wa wani namiji magana ba, daga fitarki har dawowarki. Ɗana ne a kabari, ba zan bari a ce matarsa ta zubar masa da takaba a titi ba."

Na ga ba abin da zai ci mini, tunda mace ce. Na ce, "Na rantse da azumin da ke bakina."

Ranar muka tafi a ƙasa, ni da Maman Dauda, na bar Binta a bayan Goggo. Idona ya manta da hasken waje, titi sai walƙiya yake yi mini, kwalta tana cin tafin ƙafata ta cikin silifas. Muka tarar da mata sun cika benci, wasu da jan baki da takalma masu tsini, suna ta fesa Turanci a tsakaninsu. Na zauna a ƙarshe da farin mayafina, ina maimaita 'yan rakiyata a zuci. Can sai na ga Maman Dauda ta fito daga ciki fuskarta ta canza. Ta sunkuyo ta ce shugabar nas-nas an kira ta gida, mahaifiyarta ba lafiya. Likita ne zai yi gwajin da kansa.

Innalillahi.

Maman Dauda ta ce, "Hajara, ki yi magana. Allah ya san dalili." Na ce, "Na rantse da azumi." Ta ce, "Goggo ba ta nan." Na ce, "Azumin yana nan." Kafin ta sake cewa wani abu aka kira sunana.

Likitan dattijo ne, siriri, mai tabarau da furfura. Akwai gado a ɗakin, wata nas tana kwance a kai a matsayin mara lafiya. Ya fara ba da umarni a hankali. Ya ce in kunna fanka, na kunna. Ya ce in cire mata bargo, in tayar da ita zaune, in juya ta, in ɗauke kwanon da ke ƙasa in mayar inda yake. Hannuna bai yi kuskure ba, jikina ya riƙe kamar yadda Maman Dauda ta ce. Na ga yana gyaɗa kai. Sai ya ajiye biro ya dube ni ya ce, "Who will look after your children?"

Na ji tambayar sarai. Wa zai kula da 'ya'yanki in kina aiki? Amsar tana bakina, mun yi bitarta har ba adadi. Na buɗe baki, harshena ya manne da ganda. Ina ganin fuskar Abba, ina jin muryar Goggo, ina jin rantsuwar da na yi da bakin nan nawa. Ya sake tambaya. Ya sauya wata, ya tambayi sunana kawai. Na sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan siminti.

Nas ɗin da ke kwance ce ta tashi ta yi masa bayani, bayan ta tambaye ni da Hausa na raɗa mata. Bawan Allahn nan bai yi faɗa ba. Ya ce aikin hannuna ya yi, amma ba zai ɗauki wadda bai ji muryarta ba, don a asibiti wata rana ihun mutum ne zai ceci rai. In na fita takaba in dawo ya ji ni, zai ajiye mini gurbi.

Da muka zo ƙofar gida Maman Dauda ta ce, "Saura kwana kaɗan ne. Allah ya riƙe ruwan nan." Da na faɗa wa Goggo abin da ya faru, ta dube ni ta ce, "Kin cika 'yar halak." Amma a ranar ko kunun ba ta iya sha ba.

Aka yi Sallah ba mu san an yi ba. Washegari da la'asar iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Sai gabas ta haɗe, aka yi wata tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kwanon rufi ya ɗauki ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai, ƙamshin ƙasa ya cika gida. Maƙwabta na ta tara bokitai da kwanuka suna guɗa. Abba ya tuɓe riga ya faɗa tsakar gida yana tsalle, yana kirana in zo in gani. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa.

Da gari ya waye, da hantsi Yaya Garba ya iso a kan babur, laka har gwiwa. Goggo ta fita zaure, ina jin ta tana roƙonsa, ita da ba ta roƙon kowa. Ta ce an yi wa yarinyar nan alkawarin aiki, kwana kaɗan ya rage, ya yi haƙuri. Ya ce, "Goggo, alkawari ba tuwo ba ne. An ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba?" Goggo ta ce tukuna. Ya ce, "To, in ta samu sai mu yi magana."

Ni da hannuna na ɗaure wa Abba kayansa a ɗankwali. Ya tambaye ni ko hutu za shi, na ce eh. Ko zaure ban iya raka shi ba, ina takaba. Ƙarar babur kawai na ji har ta ɓace.

Ranar da na yi wankan fita takaba ban tsaya karɓar barka ba, na wuce asibiti. Likitan ya yi mini tambayoyi na amsa da ƙarfi, har ya yi murmushi ya ce in fara ranar Litinin. Na yi aikin nan har na yi ritaya, da shi na yi wa Binta karatu, da shi na gina gidan da nake ciki.

Na je ƙauye a makon farko. Yaya Garba ya ce a bari a gama noma. Da aka gama, ya ce a bari a yi girbi. Bayan girbi ya ce yaro ya fara allo a wajen malamin garin, ba a cire shi a tsakiya. Goggo ta yi faɗa har ta gaji, ta rasu tana neman gafarata, ni kuma ban taɓa riƙe ta da komai ba. Na yi ta zuwa da sabulu da takalma da kayan Sallah, kowane zuwa yaron yana ƙara tsawo yana ƙara jin nauyina. Ba su wulaƙanta shi ba, wannan zan faɗa ko a gaban Allah. Matar Yaya Garba ta riƙe shi kamar ita ta haife shi.

Yanzu Abba magidanci ne, yana da gonaki da 'ya'yansa. Duk azumi yakan aiko mini da buhun gero, bana ma ya aiko. Jiya ya kira ni a waya ya ji ko saƙo ya iso. Muna cikin gaisawa na ji ƙaramin ɗansa yana tambayarsa da wa yake magana. Ya ɗan janye wayar daga bakinsa, amma na ji shi.

Ya ce, "Maman Bauchi ce. Je ka faɗa wa Ummata tana gaishe ta."